Kaza, wuƙa da kafso: yadda za ki hana ƙwayoyin cutar da ba sa jin magani shiga gidanki

Aikina duba lafiyar dabbobi ne, mafi yawa kaji. A Aboabo ta Kumasi aka haife ni, a Pong-Tamale na koyi aikin, yanzu kuma ina zagaya gidajen kaji daga Asokore Mampong har wajen Ejisu, tun daga mai kaji dubbai har Hajiyar da ta ajiye 'yan talatin a bayan ɗaki tana jiran Sallah. Maganar da zan yi ta shafi mai kiwo, ta shafi mai fige kaji a kasuwa, amma ta fi shafar wadda wuƙa ke hannunta a madafa. In kun ji na koma ina cewa "ke", kada maza su ce an ware su.

Kaza ko lafiyarta ƙalau tana ɗauke da ƙwayoyin cuta a hanji, irin su Salmonela, Kamfilobakta da I-kolai. Ita sau da yawa ba sa yi mata komai. Mu ne in sun shiga bakinmu za mu kwanta da gudawa, zazzaɓi da murɗar ciki. Tun da can haka yake. Abin da ya canza shi ne magungunan da likitoci suka saba dogara da su sun fara kasa waɗannan ƙwayoyi. Duk sanda aka zuba antibayotik a ruwan shan kaji, tankaɗe ake yi: masu rauni su zube, masu tauri su tsaya a rariya. Waɗanda suka tsaya su ne za su hayayyafa su cika hanjin, su fito a kashi, su manne a jikin nama ranar yanka. Har sukan ba wa wasu ƙwayoyin da ba danginsu ba irin wannan taurin.

Da maganin kaji daban yake da na mutane, da da sauƙi. To gida ɗaya suke. Enrofuloksasin da ake ba kaji ɗan'uwan sifro ne, wannan dai sifro da kowa ke saye in ciki ya ɓaci, har jikin kaza kan juya wani sashe nasa ya koma sifro ɗin kansa. Ƙwayar da ta koyi jure ɗaya ta koyi jure ɗayan. Dalilin da ya sa ke nan Amurka ta hana ba kaji enrofuloksasin a 2005, bayan Kamfilobakta da ba ya jin sifro ya yawaita a marasa lafiya. Tarayyar Turai ta hana zuba antibayotik a abincin dabbobi don su yi saurin girma tun 2006.

A nan Kumasi ma an bincika. Masu bincike na cibiyar KCCR da ke jami'ar KNUST, da abokan aikinsu na Jamus, sun gwada naman kaza 200 da ake sayarwa a garin nan, suka fitar da sakamakon a 2018. Kashi 36 cikin ɗari na ɗauke da ƙwayoyin da ke iya karya manyan magunguna irin seftriyakzon, allurar da asibitoci ke dogaro da ita: kashi 44 a kajin da aka kiwata a Gana, kashi 31 a na waje. Saboda haka gardamar da muke yi a gidan biki, wai daskararriyar waje ta kwali ce mai cuta ko wai ta gona ce, kowa ya ajiye. Duka biyun a ɗauke su da hannu iri ɗaya. A duniya baki ɗaya, an ƙiyasta cewa ƙwayoyin da ba sa jin magani sun kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi jin jiki. Ba duka daga kaji ba ne, amma kaji na cikin hanyoyin. Gana ta ƙaddamar da tsarinta na yaƙi da matsalar a 2018.

A akurki

Abin da na fi ji a bakin masu kiwo shi ne, "Likita, ba ni wanda ya fi ƙarfi, kajin na gyangyaɗi." Amsata ba ta canzawa: "Baba Alhaji, bari in ga kashinsu tukuna." Manyan cututtukan da ke share mana kaji antibayotik bai san da su ba. Nukasil, mai sa koren zawo, numfashi da buɗaɗɗen baki da murɗewar wuya, bairos ne, wato irin ƙwayar cutar da antibayotik ba ya kashewa. Gumboro, mai kama 'yan sati uku zuwa shida su takure wuri ɗaya suna farin zawo, shi ma bairos ne. Kashi mai jini kuwa galibi koksidiyosis ne, yana da nasa magani daban, irin amfuroliyum. In ka zuba tetrasaikilin don Nukasil, kajin za su mutu yadda za su mutu, kuɗinka ya tafi, ƙwayoyin hanjin waɗanda suka rayu kuma sun sami horo kyauta.

Rigakafi ne ke tare waɗannan. A bi jadawalin rigakafin Gumboro da Lasota, wato rigakafin Nukasil, yadda ma'aikacin dabbobi ya rubuta. Kajin gida da zabi masu yawo akwai I-2, shi ma rigakafin Nukasil, da ake ɗiga musu a ido, ya fi jure zafi. A ɗauko rigakafin a cikin fulas da ƙanƙara, ba a aljihu ba. A ɗan hana kajin ruwa kafin a ba su don su sha da sauri, su shanye cikin awa biyu. Ruwan famfo mai kulorin yana kashe rigakafin, mutane da yawa a nan suke yin asara su ce rigakafin jabu ne.

Sauran aikin tsafta ce mai gajiyarwa. Garin katakon da ka ɗauko daga Sokoban ya zauna a bushe, inda ya jiƙe a gindin mazubin ruwa a kwashe a zuba sabo. A wanke mazubin kullum da sabulu. Takalmin shiga akurki daban, ba ya zuwa tsakar gida. Mai saye ya tsaya a waje a fito masa da kaza, don ƙafarsa ta taka akurki nawa kafin naka. Sabbin kaji a ware su sati biyu. In an sayar da zubi ɗaya, a kwashe, a wanke, a bar ɗakin ya huta sati biyu kafin 'yan tsaki su shiga.

Sai ledar da ake kira bitamin. Juya bayanta ka karanta. Da yawa daga cikin waɗanda ake ba 'yan tsaki a satin farko gauraye suke da oksitetrasaikilin, niyomaisin ko kolistin. Mutum zai rantse maka bai taɓa ba kajinsa antibayotik ba, alhali tun ranar da suka iso yake ba su. Kolistin ɗin nan yana cikin magungunan ƙarshe da likita ke ɗaukowa in komai ya ƙi, kuma a 2015 aka sanar da gano ƙwayoyin da ke jure shi a dabbobi da mutane a Caina, da wani gado da ke tsallakawa daga ƙwaya zuwa ƙwaya. Ni ban ga dalilin da zai sa ɗan tsako lafiyayye ya sha shi ba. In bitamin kake so, sayi wanda bitamin ne zalla. Kafson mutane mai ja da rawaya da ake farkewa a zuba wa kajin gida a ruwa, shi ma a daina.

In kaji sun fara mutuwa, ɗauki wadda ba ta daɗe da mutuwa ba, ko mai ciwon da ranta, ka kai ɗakin gwajin dabbobi na Amakom a buɗe ta a gani. In mutuwar ta zo da yawa farat ɗaya, kada ka taɓa da hannu, kira ma'aikatan dabbobi, don murar tsuntsaye ta shigo Gana a 2007, 2015 da 2021. In gwaji ya nuna lallai sai antibayotik, to a ba da shi cikakke: awon da aka rubuta a kan lita, kwanakin da aka rubuta, sabon haɗi kowace safiya. Ba a rage awo don leda ta kai, ba a tsayawa a kwana biyu don kaji sun miƙe.

Kowane magani na kirki yana da kwanakin jira a jikinsa, wato kwanakin da za a bari bayan shan ƙarshe kafin a yanka ko a ci ƙwai. Rubuta ranar a bango da gawayi in ba ka da littafi. Na san inda abin yake ciwo: mai kajin ƙwai da ke sayen masara da tsada, ka ce masa ya zubar da kiret-kiret na kwanaki, zai dube ka kamar ba ka da imani. Ba zan ce masa abu ne mai sauƙi ba. Shi ya sa nake matsa wa masu kajin ƙwai su kashe kuɗin a rigakafi da tsafta, kuma kafin a sayi magani a duba ko an yarda a ba kaza mai ƙwai, don wasu sam ba a yarda ba. Mai burola, wato kajin nama, kuwa da ke jiran kasuwar Kirsimeti ko Sallah, in ya ba da magani a satin ƙarshe, sai ya ɗaga ranar sayarwa.

Akwai ɗabi'armu ta "yi maza yanka ta kafin ta zama mushe". Yanka ya halatta ta, amma bai fitar da maganin da ta sha jiya ba, bai kuma fitar da ciwon da ya kwantar da ita ba. Wuta tana kashe ƙwayar cuta, ba ta da tabbas a kan ragowar magani. Kazar da ke kan magani ta kwanta, a haƙa rami mai zurfi.

A kasuwa

In mai rai za ki saya, duba wurin figar kafin ki duba kazar. Ruwan zafin da aka tsoma kaji tun safe ba a canza ba, da bahon ɗauraya ɗaya na kowa da kowa, nan ne cutar kazar wani ke hawa taki. Ki ce, "Yaya, don Allah a ɗauraye mini da sabon ruwa," ko ki saya masa ruwan leda biyu. A cire hanji ba tare da an fasa shi ba, ƙundu da hanta a leda daban. A kolsito, a Asafo ne ko a unguwa, kwalin da ya yi laushi, ƙanƙara mai launin jini, ko cinyoyin da suka manne suka zama dunƙule ɗaya, alama ce sun narke an sake daskarar da su. Sanyi ba ya kashe Salmonela, kwantar da ita kawai yake yi. Kaza ita ce sayayyar ƙarshe, a ninka mata leda, kada ta hau kan tumatir da latas a cikin kwando.

A madafa, inda aka fi yin ɓarna

Labari mai daɗi shi ne ƙwayar da ta gagari sifro ba ta gagari wuta ba. Yadda muke girki ma kariya ce: a sulala kaza da albasa da citta da tafarnuwa, sannan a soya, ko a jefa ta a miya ta yi ta tafasa. Kazar da ta bi wannan hanya ba ita ke kwantar da mutane ba. Ruwan ɗanyarta ne, da duk abin da ya taɓa. Ɗigo ɗaya na iya ɗaukar Kamfilobakta da zai ishi mutum.

Hukumomin abinci a Ingila da Amurka cewa suke kada a wanke ɗanyar kaza sam, don fantsamar ruwan ke yaɗa cutar. Gaskiyarsu, amma kazar da aka fige a kasuwa da jini da guntayen gashi a jikinta, babu matar Zongo da za ta jefa ta tukunya haka, ni ma ba na yi. To a wanke da dabara. Baho mai zurfi, a ƙasa, nesa da duk abin da za a ci ɗanye. Ba a sakar mata famfo. A tsoma a murza a hankali. Ruwan a kai shi kwata kai tsaye, ba a watsa shi tsakar gida inda jarirai ke rarrafe. Lemun tsami yana kashe ƙarni, amma kada ki ɗauka ya gama da ƙwayoyin.

Tsarin aiki ya fi komai. Fara yanka duk abin da ba zai ga wuta ba: kabeji, latas, tumatir da albasar da za a zuba kan waakye, barkonon da za a niƙa a asanka. A rufe su a kawar. Sannan a fito da kaza. In da hali, katakon nama daban, wuƙarsa daban. Ɗaura wa ƙotar zare ja don yaran gida su gane ta. Katakon da ya tsattsage ya yi ramuka ya gama aiki. Bayan an gama, wuƙa, katako, baho da wurin da aka yi aikin duk a wanke da sabulu da ruwan zafi.

Hannu kuma da sabulu, har ƙarƙashin farce da zobe, ba tsomawa a ruwan baho a goge a zani ba. Zanin nan da tsumman madafa su ne 'yan aiken cutar: kin goge hannun kaza, an jima kin goge bakin yaro, an jima kin goge faranti. Ga waya. Tana ƙara kina tsakiyar yanka, kin ɗauka, an jima ƙaramin ya karɓa yana tsotsa. Ta yi ta ƙara, mai kira zai sake kira.

Daskararriya kada a shanya ta a rana don ta narke. A sa ta a kwano a can ƙasan firij tun dare, ko a ɗaure ta a leda a tsoma a ruwan sanyi ana canzawa, a dafa nan take. Cinyar da cikinta ke da ƙanƙara in ta faɗa mai, waje zai yi ja ciki ɗanye. Tsaga wurin da ya fi kauri, kusa da ƙashi: ruwan da zai fito ya zama fari tas, naman babu ja. Mai sayar da abinci da yawa ta sayi ma'aunin zafi na soka wa nama, digiri 74 ake nema a tsakiya. Masu gashin kaza da zabo a bakin titi, da masu cicinga, kuskurensu ɗaya: tiren da ɗanyen ya zauna shi ake mayar da gasasshen, hannun da ya jera ɗanye shi ke barbaɗa yaji. Tire biyu, da abin kamawa.

In dumso ya zo, wato an ɗauke wuta, a bar ƙofar firij a rufe. Firij kan riƙe sanyi kamar awa huɗu, firiza cikakkiya kusan kwana biyu in ba a buɗe ta ba.

Gidan suna da gidan aure ne suka fi ba ni tsoro. A soya kaji kwali-kwali tun dare, a zuba a babban baho, sau da yawa ma bahon da aka wanke su a ciki, a rufe da zani har azahar ta gobe. Dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa biyu a zafin ɗaki ba, balle zafin Kumasi. Magajiya ko duk wadda ke jan ragamar girkin ta raba aiki: masu ɗanyen nama daban, masu salak da rabon abinci daban, bahon dafaffe daban. A soya da asuba, ko a sa a sanyi a sake zafafawa har ya yi tururi ciki da waje kafin a zuba a takeyawe.

Salak ɗin kansa yana da nasa labari. Manoman latas da albasa mai lawashi na wajen Gyinyase da kashin kaji suke taki, kuma taki ne mai kyau in an tara shi ya ruɓe ya yi zafi na makonni kafin a zuba. Ɗanyensa kuwa da ƙwayoyinsa yake zuwa. Ki cire ganyen waje, ki wanke ɗaya bayan ɗaya da ruwa mai tsafta, ki jiƙa a ruwan binega, ki ɗauraye. Jariri, tsoho da marar lafiya, gara a ba su ganyen da ya ga wuta.

In ciki ya ɓaci

Salmonela kan nuna kanta daga 'yan awoyi zuwa 'yan kwanaki, Kamfilobakta kwana biyu zuwa biyar, shi ya sa ake ɗora laifin a kan abincin jiya alhali na shekaranjiya ne ko gabanin haka. Mafi yawan irin wannan gudawa tana tsayawa da kanta cikin mako. Abin da ke kisa rashin ruwa a jiki ne. A haɗa ORS, wato garin gishiri da sukari na masu gudawa, yadda aka rubuta a ledarsa. In babu, ruwan leda biyu, wato lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe bakin cokalin. Yaro a ƙara masa zinki kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da ba shi nono da abinci.

Kada a aiki yaro shagon magani ya ce a ba shi sifro biyu da Flagyl biyu. Flagyl ba maganin Salmonela ba ne, sifro guda biyu kuma ba su isa komai ba sai ƙara wa ƙwayoyin cikinki tauri. Mai shagon ma doka ba ta ba shi damar ba da su haka kawai ba. Taifot, tunda kowane zazzaɓi yanzu sunansa ke nan, daga mutum yake zuwa ta ruwa da abinci, kaza ba ta ɗauke da shi.

A tafi asibiti ba jira in akwai jini a bayan gida, zazzaɓi mai zafi, amai da ya hana shan ruwa, ido ya faɗa, fitsari ya ɗauke, ko an kwana uku ba sauƙi. Jariri, tsoho, mai ciki, mai sikila da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, su ba a jira musu ko kaɗan, don Salmonela kan tsallake hanji ta shiga jininsu, a mai sikila har ƙashi takan kama. Ki gaya wa likita gaskiyar abin da aka riga aka sha, ki tafi da kwalin. Ki gaya masa kuna kiwon kaji in kuna yi, da sunan maganin da kuka ba su kwanan nan. Ki tambaya ko za a yi gwajin da ake shuka ƙwayar a ga maganin da ke kashe ta. Yakan ɗauki kwana biyu zuwa uku, manyan asibitoci irin Komfo Anokye suna yi. Abin da aka rubuta a sha shi yadda aka ce, ba a raba wa maƙwabciya, ba a ɓoye saura don wata rana. Takardar sakamakon kuma ki adana ta, in wani a gidan ya kwanta da irin ciwon a 'yan kwanakin, a tafi da ita don ta rage wa likita lalube.